Baƙo ko Gara: Wa Ya Fi Cin Kiɗan Jiya?

Tun shekarar 2013, lokacin da wani ƙaramin kamfanin faifai na birnin Portland a Amurka, mai suna Sahel Sounds, ya sake buga kiɗan Mamman Sani, akwai wata magana da ba ta ƙarewa a bakin wasu ƴan boko na Yamai da Maraɗi da Damagaram. Da zarar an zauna shan shayi aka taɓo zancen, sai wani ya gyara zama ya ce: ga su nan, sun kwashi ƙarfen uraniyom sun ƙoshi, yanzu kuma kiɗa suka zo kwasa. Maganar tana da daɗin ji, tana kuma sa mai yin ta ya ɗauki kansa ɗan kishin ƙasa ba tare da ya tashi daga kujerarsa ba. Sai dai ihu ne bayan hari, ihun ma ba a kan maharin ake yin sa ba. Wanda ya fi cin kiɗan jiya a ƙasar nan ba ya sauka a filin jirgin Diori Hamani da fasfo a hannu. Gara ce, da zafin bazara, da ƙurar hunturu, sannan uwa uba halin ko-in-kula na masu kayan.

Domin a yi wa wannan gardama adalci, ya kamata a fitar da ita daga batun baƙi da fari, a duba wata ƙasa inda aka yi irin wannan aiki tsakanin ƴan gida. Tarihin kamfanin Trunk Records na Ingila ya isa misali.

Wani mutum da ake kira Jonny Trunk ne ya kafa kamfanin a Landan a shekarar 1995. Ba makaɗi ba ne mai suna, ba kuma attajiri ba. Ma'aikacin kamfanin talla ne mai yawon kasuwannin gwanjo yana tonon tsofaffin faifan garmaho. Abin da ya fara fitarwa, a 1996, shi ne The Super Sounds of Bosworth, tarin kiɗe-kiɗe daga ma'ajiyar wani tsohon gidan buga kiɗa mai suna Bosworth. Irin wannan kiɗa shi ne za a iya kira kiɗan haya. Gidaje irin su Bosworth da KPM da De Wolfe, wanda aka kafa tun 1909, sukan ɗauki makaɗa su tsara musu kiɗa iri-iri: na tsoro, na gudu, na soyayya, na buɗe labarai. Sai a buga faifai kaɗan waɗanda ba na sayarwa ba ne, a aika wa masu shirya fim da gidajen rediyo da na telebijin. Duk wanda ya yi amfani da wani yanki sai ya biya kuɗin haya, mai kiɗan ya samu kasonsa, amma sunansa ba ya fitowa a allo. Miliyoyin mutane sun san amon, ba wanda ya san mai shi.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya yi nisa da shi. Kamfanin Shaw Brothers na Hong Kong ya riƙa ɗaukar kiɗan De Wolfe yana zubawa cikin finafinansa na kung fu. Ke nan dattijon da a yau yake ba jikokinsa labarin yadda ya yi layi a ƙofar sinima a shekarun 1970 don ya ga faɗan ƴan Sin, mai yiwuwa kiɗan da ya tayar masa da tsikar jiki a daren nan wani Bature ne ya tsara shi a Landan, bai kuwa taɓa ganin fim ɗin ba.

A idon manyan kamfanoni wannan kiɗa shara ne, kayan aiki ne da aka gama da shi. Trunk ya ce dukiya ce, ya sa ɗan abin hannunsa ya buga, aka kuwa saya. Bayan shekara 2, a 1998, ya yi aikin da ya fito da sunan kamfanin: kiɗan fim ɗin The Wicker Man. Robin Hardy ne ya shirya fim ɗin a 1973, Christopher Lee da Edward Woodward suka fito a ciki, wani Ba'amurke kuma, Paul Giovanni, ya tsara waƙoƙinsa a kan salon waƙoƙin ƙauyen Birtaniya. Shekara 25 cur masu son fim ɗin suna neman faifan kiɗansa, babu. Giovanni ya rasu a 1990 bai ga faifan ba. Abin da Trunk ya samu ya buga ma ba shi ne ainihin zaren da makaɗan suka ɗauka ba. Wani zare ne na aikin haɗa fim, mai sauti ta hanya ɗaya, wanda kiɗan ke cakuɗe da sauran ƙararrakin cikin fim ɗin. Ya buga shi haka nan da lahaninsa. Sai a 2002 wani kamfani, Silva Screen, ya fitar da mai tsabtar sauti daga zaren da ya fi wancan kyau. Darasin a fili yake: da ƙaramin ya tsaya jiran abin da ba shi da aibi, da babban bai gane akwai masu saye ba.

Daga nan aikin ya miƙe. Ya fitar da kiɗan Kes, fim ɗin Ken Loach na 1969 a kan wani yaro ɗan talakawa daga yankin masu haƙar kwal, wanda ya samu sanyin rai wajen kiwon ɗan shaho. John Cameron ne ya tsara kiɗan, amma bai shiga faifai ba sai bayan shekara fiye da 30. A 2001 ya fitar da kiɗan Clangers, wani shirin yara da BBC ta fara nunawa a 1969. Mutum biyu ne suka ƙirƙiro shirin, Oliver Postgate da Peter Firmin, a cikin wani tsohon garken shanu kusa da Canterbury, da ƴan tsana na saƙa masu magana da fito. Mai kiɗan, Vernon Elliott, gwani ne na wata doguwar sarewar Turawa mai kaurin murya, shi ma ya rasu tun 1996. Yaran da suka tashi da wannan amo sun girma sun zama iyaye kafin su ji shi shi kaɗai, ba tare da hoto ba, su gane ashe aikin gwani ne.

Labarin da ya fi kowane taɓa zuciya shi ne na Basil Kirchin. Makaɗin ganga ne da ya yi tashe a shekarun 1950, ya yi wa finafinai kiɗa, ciki har da The Abominable Dr. Phibes na 1971, sannan ya koma ɗaukar kukan tsuntsaye da na dabbobi a zare, yana rage musu gudu yana haɗawa da kiɗa. Kasuwa ba ta karɓi wannan ba. Ya tsufa a birnin Hull ba mai tuna shi. A 2003 Trunk ya fitar da Quantum, aikin da ya yi shekara kusan 30 a ajiye, wasu faifan suka biyo baya. Kirchin ya rasu a 2005, amma ya rasu yana sane da cewa an ji shi. A 2017 birnin Hull ya shirya masa biki na musamman. Tsakanin Giovanni da Kirchin bambancin ɗaya ne: an iske ɗaya da rai, ɗayan an makara.

To, me ya hana manya yin wannan aiki? Lissafi ne. Kamfanin da ke da ma'aikata ɗaruruwa ba zai motsa ba saboda faifan da mutum 1,000 ko 2,000 za su saya, domin kuɗin lauyan da zai binciko mai haƙƙin kiɗan kaɗai ya cinye ribar. Mutum ɗaya mai aiki daga ɗakinsa, shi ne mai bincike, shi ne mai rubuta bayanin bango, shi ne mai kai saƙo gidan waya, wannan adadin ya ishe shi ya mayar da kuɗinsa ya shiga aiki na gaba. Ƙanƙantar kamfanin ita ce ƙarfinsa.

Masu cewa a bar wa hukuma da manyan ma'aikatu su kula da gado, su dubi abin da manyan suka yi a ƙasashen da suka fi Nijar kuɗi nesa ba kusa ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978 BBC ta riƙa goge zaren shirye-shiryenta tana ɗaukar sababbi a kai, domin zaren yana da tsada, wurin ajiya kuma ya yi kaɗan. Shirin Doctor Who kaɗai, wanda Ingilishi ke tinƙaho da shi, har yau kashi fiye da 90 nasa ba a san inda suke ba. Matar da ta haɗa amon buɗe shirin a 1963, Delia Derbyshire, ba a sa sunanta a allo ba har ta rasu a 2001, bayan rasuwarta kuma aka iske zare 267 na aikinta a cikin kwalaye a saman ɗakinta, aka miƙa wa jami'ar Manchester. A Amurka, gobarar da ta tashi a harabar Universal a 2008 ta cinye ma'ajiyar zaren asali. Jaridar New York Times ta ruwaito a 2019 cewa abin da ya ƙone ya haura zare 100,000, ko da yake kamfanin ya musanta girman asarar. Babba ba ya nufin mai riƙon amana.

Akwai wani abin mamaki da ya kamata masu kukan sata su tsaya su yi nazari a kansa. A watan Oktoba na 2013 BBC ta ba da sanarwar cewa an gano kashi 9 na Doctor Who da suka ɓata, na shekarun 1967 da 1968. A ina? A Jos, cikin wani ɗakin ajiya na tashar telebijin, inda kwafin da aka sayar wa Najeriya tun wancan zamani suka yi shekaru a kan kanta. Shekarar da Jos ta mayar wa Ingila abin da Ingila ta goge da hannunta, ita ce shekarar da Portland ta mayar wa duniya kiɗan Mamman Sani. Ba a ji Ingilishi sun ce ƴan Jos ɓarayi ne ba. Murna suka yi, domin sun gane abu ɗaya: kayan sauti da na hoto suna rayuwa ne inda aka samu kwafinsu, suna mutuwa inda kwafin ya zama ɗaya tilo.

Yanzu a dawo gida. Mamman Sani malamin makaranta ne wanda ya yi aiki da UNESCO, ya samu wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya, ya riƙa fassara kiɗe-kiɗen gargajiyar ƙasar nan a kansa. A ƙarshen shekarun 1970 ya ɗauki kasetinsa a gidan rediyon ƙasa, kwafin da aka yi kuma ba su wuce ɗari ba. Shekara da shekaru rediyo da telebijin suna sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri, har ya zama duk wanda ya girma a gaban tele a Nijar ya san amon, kamar dai yadda yaran Ingila suka san na Vernon Elliott. Wannan shi ne kiɗan hayar Nijar. Shekara fiye da 30 kasetin yana Yamai, kusa da jami'a, kusa da ma'aikatar al'adu, kusa da masu kishin ƙasar da ke shan shayi. Christopher Kirkley, mai Sahel Sounds, shi ya tono shi cikin tarin kaset, ya nemi mai shi, suka daidaita, aka buga La Musique Électronique du Niger a 2013, Taaritt ya biyo baya a 2014, dattijon kuma ya je Turai ya yi wasa a gaban jama'a. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Amma kazar da ta wayi gari tana zagin wanda ya kwance damin, nata ya wuce rashin sani.

Wannan ba ya nufin masu ƙorafin ba su da gaskiya ko kaɗan. Suna da ita a wuri uku, kuma ɓoye ta ba zai amfani kowa ba. Na farko, ƙananan kamfanonin nan ba waliyyai ba ne, ƴan kasuwa ne. Trunk kansa ya buga kiɗan finafinan batsa da wasu abubuwan shiririta da ba za a shigar aji ba, kuma buga faifai kaɗan yakan haifar da wata kasuwa ta masu tarawa, inda farashi ke ninkawa alhali mai kiɗan ba ya samun ko dala a cinikin na biyu. Na biyu, farashi. Faifan garmaho na Yuro 20 ya kai jika 13 da ɗoriya, kusan sulusin mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka mayar jika 42 a 2024, ga shi kuma na'urar juya faifan ta zama abin tarihi a gidajen ƙasar nan. Faifan ba don ɗan Tawa aka buga shi ba. Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne rashin daidaiton ƙarfi. Makaɗin da ba ya karanta Turanci, ba shi da lauya, yana kuma bukatar kuɗin cefane a yau, zai iya sa hannu a takardar da za ta raba jikokinsa da haƙƙinsu. Sahel Sounds ya ce raba riba biyu yake yi da makaɗansa, amma ba kowane mai zuwa da jaka a kafaɗa ne mai wannan hali ba.

Sai dai duk waɗannan uku hujja ce ta a tashi a yi aiki, ba ta a rufe ƙofa a koma barci ba. Maganin muguwar yarjejeniya shi ne kyakkyawar yarjejeniya: a rubuta ta da harshen da makaɗi yake ji, a ƙayyade mata shekaru, haƙƙin asali ya zauna a hannun mai shi, a rajista ta a ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, wato BNDA, sannan a wajabta ajiye kwafi mai tsabta a Yamai. Wanda ya ƙi waɗannan sharuɗɗa, a kira shi ɓarawo da babbar murya. Wanda ya yarda da su kuwa, abokin aiki ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, saboda haka mai gida ya fara da yaɓe.

Abin da ke jiran yaɓen kuwa ba kaɗan ba ne. Nijar na cikin ƙasashen Afirka da suka fara shirya fim. Mustafa Alasan ya yi Aouré a 1962, ya yi Le Retour d'un aventurier a 1966. Umaru Ganda ya yi Cabascabo, sannan Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972, karon farko da aka ba da ita. Telebijin ɗin makaranta ya fara aiki tun 1964. Ga wasannin kwaikwayon ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram, ga waƙoƙin bukukuwan matasa na zamanin Samariya, ga amon buɗe labarai da na rufe tasha. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da kiɗa, kowane kiɗa yana da mai shi. Ganda ya rasu a 1981, Alasan a 2015. Makaɗan da suka yi musu aiki da injiniyoyin da suka riƙe makirufo, waɗanda suka rage a cikinsu tsofaffi ne, su ne kuma kaɗai za su iya cewa wane ne ya busa, wane ne ya buga, a wace shekara.

Zaren ɗaukar sauti kuwa ba ya jiran a gama taro. Ƙurar ƙarfe ce aka manne a jikin leda da wani irin danƙo. Danshi yana lalata danƙon har zaren ya riƙa mannewa yana zubar da ƙurar da ke ɗauke da sautin, zafi yana gaggauta lalacewar, tsohon fim kuma yakan fara warin tsami, alamar ya kama hanyar narkewa. Masana sukan gasa irin wannan zare a ɗan zafi na tsawon awoyi domin a samu a juya shi a kwafe kafin ya koma yadda yake. Ko zaren ya tsira, na'urorin juya shi an daina ƙera yawancinsu, masu gyaransu kuma suna ƙarewa. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wuta kuma tana ɗaukewa, ba shi da shekarun da Landan take da su.

Aikin kuma ba gagarau ba ne. A Gini, tsakanin 2008 da 2013, wani mai bincike ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, tare da ma'aikatan gidan rediyon ƙasar da tallafin ɗakin karatu na Birtaniya, ya kwafe waƙoƙi fiye da 9,000 daga tsofaffin zare zuwa kwamfuta, daga baya aka sa da yawa daga cikinsu a intanet. Nijar ma tana da wuraren da za su iya riƙe irin wannan aiki: cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya, cibiyar binciken IRSH, da gidan rediyo da telebijin na ƙasa. Matakin farko bai fi ƙarfin kowa ba: a ƙidaya abin da ke akwai, a rubuta shi a kundi, a zauna da tsofaffin ma'aikata su faɗi sunaye tun suna iya tunawa. Wannan aiki ne da ɗaliban jami'a goma za su iya yi a hutu ɗaya.

Amma darasin Trunk ya wuce ajiya. Abin da aka kulle a kabad, ko da an kwafe shi, rabin rai gare shi. Kiɗa sai an ji shi. Abin da ƙasar nan ta rasa shi ne mutum ɗaya mai naci, a Maraɗi ko a Damagaram, wanda zai ce shi ne kamfanin: ya nemi iyalan makaɗi, ya biya su, ya tsabtace sautin, ya rubuta tarihin da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, ya sayar wa ƴan gida ta wayar salula a farashin da suke iyawa, ya sayar wa Turawa faifai a farashin da suka saba. Kasuwar waje tana nan, baƙin ma su suka tabbatar da ita: a 2013 ɗin nan Sahel Sounds ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa na Najeriya, aka saya a ƙasashen da ba a jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Jarin da Jonny Trunk ya fara da shi bai kai kuɗin da wasu ke kashewa a bikin aure guda ba.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an rufe tulun. Mai son ya nuna kishin kiɗan ƙasarsa, hanya a buɗe take: ya ajiye kofin shayi, ya je ya tambayi tsohon ma'aikacin rediyon unguwarsu abin da ke cikin kwalin nan na ƙarƙashin gado. In ya iske zaren da rai, ya riga baƙo. In ya iske gara ta riga shi, to ya san sunan ɓarawon, ya kuma san wanda ya bar mata ƙofa a buɗe.